Wajabta Ilimin Mu'amala da Illolin Kayan Maye a Makarantun Ingila: Sharhi a Kan Kundin 2019 da Abin da Ya Shafi Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Satumba na 2020 doka ta wajabta wa makarantun firamare na Ingila su koyar da ilimin mu'amala, ta wajabta wa na sakandare su koyar da ilimin mu'amala da na jima'i, sannan ta ɗora wa duk makarantun da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu koyar da ilimin kiwon lafiya, wanda a cikinsa ne aka sanya batun ƙwayoyi da giya da taba. Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar ta fitar da kundin jagora a 2019 domin ya bayyana wa makarantu abin da ake son ɗalibi ya sani kafin ya kammala kowane mataki na karatu. Wannan kundi da dokar da ta haife shi su ne za mu yi sharhi a kansu.

Dalilinmu na ɗaukar wannan batu shi ne, tambayoyin da Ingila ta shafe shekaru goma sha biyu tana kai-kawo a kansu su ne suke gaban masu tsara manhaja a Nijeriya: wa zai koyar, a wane lokaci, da waɗanne kalmomi, kuma da yardar wa. Ra'ayinmu shi ne wajabtawar ta dace, amma kundin ya fi ƙarfi wajen lissafa abin da za a sani, ya yi rauni wajen tanadar malami da lokaci da hanyar koyarwa. Za mu bi tarihin dokar, mu duba abin da kundin ya ƙunsa, mu nuna inda ya yi kyau da inda ya gaza, daga ƙarshe mu waiwayi darasin Hausa.

2.0 Yadda Aka Kai ga Dokar

Kafin wannan doka, ana koyar da waɗannan batutuwa ne a ƙarƙashin wani darasi da suke kira PSHE, wanda ya haɗa tarbiyyar ɗalibi a kan kansa da zamansa da jama'a da lafiyarsa da sarrafa kuɗi. Darasin bai kasance cikin manhajar ƙasa ta dole ba, saboda haka makarantar da ta ga dama ta ba shi muhimmanci, wadda ba ta ga dama ba ta yi masa riƙon sakainar kashi. A watan Oktoba na 2008 ƙaramin ministan makarantu na lokacin, Jim Knight, ya ba da sanarwar cewa gwamnati za ta mayar da shi dole. Aka ɗora wa wani shugaban makaranta a Landan, Sir Alasdair Macdonald, aikin nazarin yadda za a aiwatar, ya miƙa rahotonsa a 2009. An sanya batun cikin wani ƙudurin doka, amma a watan Afrilu na 2010, ana gab da babban zaɓe, sai aka cire wannan sashe saboda jam'iyyun ba su daidaita ba, musamman a kan shekarun da ikon iyaye na cire ɗansu daga darasin jima'i zai ƙare.

Batun bai mutu ba. A 2013 hukumar duba makarantu ta Ofsted ta fitar da rahoto bayan ta ziyarci makarantu 50, inda ta gano cewa a kashi 40 cikin ɗari na makarantun koyar da darasin bai kai yadda ake so ba. A 2015 kwamitin ilimi na majalisar wakilai ya ba da shawarar a wajabta shi, gwamnati ta ƙi amincewa a 2016. Abin da ya sauya lissafi shi ne yawaitar rahotannin cin zarafin ɗalibai mata a makarantu, da kuma yadda wayar hannu ta kai hotunan batsa hannun yara, alhali kundin da makarantu ke aiki da shi a kan ilimin jima'i tun na shekarar 2000 ne, wato kafin a san Facebook ko WhatsApp. A 2017, lokacin da Justine Greening ke riƙe da ma'aikatar, aka zartar da Dokar Yara da Aikin Jin Daɗin Jama'a, wadda ta ba gwamnati ikon wajabtawa. A watan Maris na 2019 majalisar wakilai ta amince da ƙa'idojin da ƙuri'a 538, masu adawa 21. Annobar korona ta sa aka ba makarantun da ba su shirya ba rangwame zuwa zangon ƙarshe na shekarar karatu a 2021. Ya kamata a lura cewa wannan doka ta Ingila ce kaɗai, domin sauran yankunan Birtaniya kowanne yana da nasa tsarin ilimi.

3.0 Abin da Kundin Ya Ƙunsa

A matakin firamare, ilimin mu'amala ya shafi iyali da masu kula da yaro, da abota, da girmama mutane, da mu'amala ta intanet, da kare kai. Ana son yaro ya san cewa jikinsa nasa ne, ya iya bambance taɓawar da ta dace da wadda ba ta dace ba, ya gane sirrin da bai kamata a riƙe ba, ya kuma san wanda zai kai wa ƙara da kalmomin da zai yi amfani da su. Ilimin jima'i bai zama dole a firamare ba, sai dai abin da darasin kimiyya ya ƙunsa. Sauye-sauyen balaga da jinin al'ada an sanya su ne a ƙarƙashin kiwon lafiya. A sakandare an faɗaɗa batun ya haɗa da aure da matsayinsa a doka, da yarda da tilastawa, da auren dole, da kaciyar mata, da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, da hanyoyin hana ɗaukar ciki.

Dangane da kayan maye kuwa, abin da aka nema daga ɗan firamare jimla ɗaya ce kacal: ya san gaskiyar al'amari game da abubuwa masu cutarwa, waɗanda doka ta halatta da waɗanda ta haramta, da haɗarin da ke tattare da su. Ɗan sakandare ana son ya san dangantakar ƙwaya da taɓin hankali, da hukuncin mallaka ko sayar da haramtattun ƙwayoyi, da illar giya ga jiki da ƙwaƙwalwa, da sakamakon kamuwa da jaraba, da haɗarin magungunan da likita ke rubutawa amma suna iya cutarwa, da illar taba sigari.

Iyaye ba su da ikon cire ɗansu daga ilimin mu'amala ko na kiwon lafiya. Suna da ikon neman a cire shi daga ilimin jima'i, har zuwa lokacin da ya rage masa zango uku ya cika shekara 16, daga nan zaɓi ya koma hannun ɗalibin. Haka nan an wajabta wa kowace makaranta ta rubuta manufarta, ta tuntuɓi iyaye, ta kuma yi la'akari da addinin ɗalibanta.

4.0 Inda Kundin Ya Yi Kyau

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne raba batutuwan gida uku. Da a ce an cure su wuri ɗaya an kira su ilimin jima'i, da uban da ya cire ɗansa saboda ƙyamar kalma ɗaya ya hana shi sanin illar ƙwaya da yadda zai kai ƙarar mai lalata da shi. Rabawar ta sa abin da ake jayayya a kansa ya taƙaita, sauran ya isa ga kowane yaro. Wannan dabara ce ta tsara manhaja wadda ta cancanci a yi koyi da ita.

Abu na biyu shi ne fara ginin daga ƙasa. Yaron da ya koyi ma'anar amana da neman izini da cewa a'a ga aboki tun yana ɗan shekara bakwai, shi ne zai fahimci batun yarda idan ya kai shekara goma sha huɗu, kuma shi ne zai iya ƙin karɓar abin da aka miƙo masa a bayan aji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abu na uku shi ne shigar da magungunan asibiti cikin jerin abubuwa masu haɗari, domin yaro yakan ɗauka duk abin da ya fito daga kantin magani ba ya cutarwa.

Babbar hujjar wajabtawa ita ce adalci. Idan darasi na ganin-dama ne, yaran da suka fi buƙatarsa su ne suka fi rasa shi, domin makarantar da ke fama da ƙarancin malamai ita ce za ta fara watsar da shi, kuma yaron da ake cutarwa a cikin gida ba zai samu wannan ilimi daga gidan ba.

5.0 Inda Kundin Ya Gaza

5.1 Lokaci da Malami

Kundin bai ƙayyade adadin sa'o'in da za a ba darasin a mako ba, kuma babu jarrabawar ƙasa a kansa. Duk wanda ya taɓa tsara jadawalin darussa ya san makomar irin wannan darasi: shi ake bai wa malamin da ya rage ba shi da cikakkun sa'o'i, kuma shi ake fara yankewa idan jarrabawa ta gabato. Wasu makarantu sukan tara batutuwan su gabatar da su a 'yan kwanaki a shekara, ko a 'yan mintocin kiran suna na safe. Game da horar da malamai, gwamnati ta ware fam miliyan 6 a shekarar kuɗi ta 2019 zuwa 2020. Idan aka raba wannan kuɗi ga makarantun gwamnati fiye da 20,000, abin da kowace za ta samu bai kai fam 300 ba.

Sakamakon wannan ya bayyana da wuri. A watan Yuni na 2021 Ofsted ta fitar da rahoton binciken da ta yi a makarantu da kwalejoji 32, inda ta tattauna da yara fiye da 900. Ta gano cewa cin zarafi ta hanyar lalata da tura hotunan tsiraici sun zama ruwan dare har ɗalibai ba sa ganin amfanin kai ƙara, kuma ɗaliban sun koka cewa abin da ake koya musu ya yi kaɗan, ya kuma zo a makare. Gaskiya ne cewa a lokacin dokar ba ta daɗe da fara aiki ba, amma rahoton ya nuna cewa matsalar tana ga malamin da aka tura aji ba tare da shiri ba, kuma sakin layi a kundin doka ba ya magance wannan.

5.2 Sani Kaɗai Ba Ya Hana Shaye-shaye

A ganinmu sashen kayan maye shi ne mafi rauni a kundin, domin kusan dukkansa jerin bayanai ne da ake son ɗalibi ya sani. Tarihin wannan fanni ya riga ya nuna iyakar wannan hanya. A 1983 aka ƙirƙiro shirin DARE a birnin Los Angeles na Amurka, inda ɗan sanda cikin kaki yake shiga aji ya gargaɗi yara a kan ƙwaya. Shirin ya bazu a yawancin gundumomin ilimi na ƙasar, iyaye da 'yan siyasa suka rungume shi. Amma wani nazari na 1994 da ya tattara sakamakon bincike da dama ya nuna tasirinsa a kan shaye-shaye ƙanƙane ne, kuma a 2003 ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka ya ba da rahoton cewa ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin waɗanda suka yi shirin da waɗanda ba su yi ba.

Dalilin hakan ba boyayye ba ne ga malami. Matashi ba ya fara shan ƙwaya don bai san tana da illa ba. Yakan fara ne saboda aboki ya miƙo masa yana jin kunyar ƙi, ko don ya ɗauka kowa na yi, ko don neman sauƙin wata damuwa. Idan aka zuzuta illa fiye da ƙima, sannan ya ga wani ya sha bai mutu ba, sai ya daina gaskata malamin gaba ɗaya. Shirye-shiryen da suka fi nuna amfani su ne waɗanda ke gyara wannan zato na cewa kowa na yi, suke kuma sa ɗalibi ya gwada da bakinsa yadda zai ƙi tayi ba tare da ya rasa aboki ba. Misali shi ne shirin Unplugged mai darussa 12, wanda malamin aji ke koyarwa, aka gwada shi a ƙasashen Turai bakwai a tsakiyar shekarun 2000 a kan yara 'yan shekara 12 zuwa 14, aka kuma ga raguwar buguwa da shan taba kullum. Kundin 2019 ya bar zaɓen hanya ga makarantu, wanda ke nufin makaranta na iya gayyato tsohon mashayi ya tsorata yara na awa ɗaya, ta ce ta cika umarnin doka.

5.3 Iyaye

A farkon 2019, tun kafin dokar ta fara aiki, zanga-zanga ta ɓarke a ƙofar makarantun firamare biyu a birnin Birmingham, wato Parkfield da Anderton Park, waɗanda yawancin ɗalibansu 'ya'yan Musulmi ne. Iyayen sun ƙi amincewa da darussa da littattafan da ke nuna iyalan da ma'auratansu jinsi ɗaya ne. Makarantun sun ce suna koyar da zaman tare ne bisa dokar daidaito ta 2010, iyayen suka ce abin ya saɓa wa addininsu kuma yaran sun yi ƙanƙanta. Rikicin ya ɗauki watanni, har a watan Nuwamba na 2019 babbar kotu ta haramta zanga-zanga a kewayen Anderton Park. Abin da ya shafi mai tsara manhaja a nan shi ne, kundin ya umarci makarantu su girmama addinin ɗalibai, ya kuma umarce su su shigar da wannan batu a lokacin da suka ga ya dace, amma bai faɗi yadda za a yi idan umarnin biyu suka ci karo ba. Gwamnati ta bar shugaban makaranta shi kaɗai a bakin ƙofa yana fuskantar abin da ita ce ya kamata ta warware.

Rashin wannan fayyacewa ya sa aka yi ta sake lale. A 2024 gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta fitar da daftarin da ya sanya iyakar shekaru ga wasu batutuwa. Gwamnatin Leba da ta gaje ta ta fitar da sabon kundi a watan Yuli na 2025 wanda bai ɗauki waɗannan iyakoki ba, amma ya jaddada haƙƙin iyaye na ganin kayan koyarwa, aka kuma tsara ya fara aiki a Satumba na 2026. Ke nan an shafe shekaru kafin a fito fili da abin da ya kamata a fara da shi, wato nuna wa uba littafin da za a koyar da ɗansa.

5.4 Auna Sakamako

Masu goyon bayan wajabtawa sukan yi saurin danganta duk wani ci gaba ga darasin. Alƙaluma ba su ba da wannan dama ba. Binciken da hukumomin lafiya na Ingila ke yi a kan ɗalibai 'yan shekara 11 zuwa 15 ya nuna cewa waɗanda suka taɓa shan giya sun ragu daga kashi 61 cikin ɗari a 2003 zuwa kashi 38 a 2014. Ɗaukar ciki tsakanin 'yan matan da ba su kai shekara 18 ba ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1998 da 2018. Duk wannan ya faru ne kafin dokar ta fara aiki. Ƙasar Iceland, wadda ta rage buguwa tsakanin matasanta ƙwarai tun daga ƙarshen shekarun 1990, ta dogara ne a kan yarjejeniya da iyaye, da hana yara yawon dare, da samar musu wasanni bayan an tashi daga makaranta. Saboda haka aji ɗaya ne daga cikin duwatsun murhu, kuma manhajar da ta yi alkawarin kawar da shaye-shaye ita kaɗai ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta.

6.0 Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Nijeriya ba baƙuwa ba ce ga wannan muhawara. Hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC, ta tsara manhajar ilimin jima'i a farkon shekarun 2000, ta gamu da adawar shugabannin addini da iyaye, aka sake mata fasali da suna a 2003 ta koma Ilimin Rayuwar Iyali da Cutar Ƙanjamau, aka kuma ba jihohi damar daidaita ta da al'adunsu. Ba a ware mata darasi na kanta ba, an cusa batutuwanta ne cikin wasu darussa kamar kimiyya da nazarin zamantakewa. A watan Nuwamba na 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci NERDC ta cire ilimin jima'i daga manhaja, yana mai cewa aikin iyaye ne da malaman addini. Wannan ya nuna cewa bayan kusan shekara ashirin, kalma ɗaya tana iya girgiza dukkan ginin, abin da rabawar Ingila gida uku ta rage wa kaifi.

A ɓangaren kayan maye, binciken ƙasa na 2018 da aka gudanar da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Bayan tabar wiwi, abin da ya fi yawa shi ne magungunan kashe zafi irin su taramol, sai maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a watan Mayu na 2018. An kuma gwada shirin Unplugged a wasu makarantun sakandare na Nijeriya da haɗin gwiwar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar NDLEA. Ke nan matsalar ɗalibinmu ta fi karkata ga kantin magani, kuma ba ta tsaya ga samari ba.

Akwai abin da ba zai ɗauku daga kundin Ingila ba. Kundin yana koya wa ɗalibi gwargwadon giyar da babba zai sha ba tare da babban haɗari ba, domin an rubuta shi ne ga al'ummar da shan giya ya zama al'ada. Wannan ba zai shiga aji a Kano ko Sakkwato ba, inda addini da dokar jiha suka haramta ta. Amma kuma ana koyar da Hausa a garuruwan da burkutu ke cikin bukukuwan jama'a, da kuma makarantun kudu inda ake koyon ta a matsayin harshe na biyu. Manhajar ƙasa dole ta bar wa malami sararin da zai yi magana da yaran da ke gabansa.

7.0 Abin da Ya Shafi Darasin Hausa

Muna ganin darasin Hausa yana da rawar da babu darasin da zai taka ta a madadinsa, saboda dalilai uku. Na farko, kalmomi. Kundin Ingila ya dage cewa yaro ya mallaki kalmomin da zai kai ƙara da su. Yaron da aka cutar a Funtuwa ko Azare da Hausa zai gaya wa uwarsa. Sau da yawa ana cewa kunya ta hana Hausa faɗin irin waɗannan abubuwa, amma wannan magana ba ta yi la'akari da makarantun Islamiyya da na zaure ba, inda aka daɗe ana fassara littattafan fiƙihu irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, ana bayanin balaga da haila da janaba da wanka a gaban yara maza da mata ba tare da wani ya ɗaga gira ba. Harshen yana da rumbun kalmomi masu mutunci waɗanda iyaye suka riga suka yarda da su. Aikin da ya rage shi ne a tattara su, a tantance waɗanda suka dace da kowane aji, a kuma tuntuɓi malaman coci masu wa'azi da Hausa domin jerin ya karɓu ga kowa.

Na biyu, sunayen kayan maye. Ɗalibi ba ya jin sunan kimiyya a unguwa, abin da yake ji shi ne sholisho da roci da benelin da wasu laƙabobi da ke sauyawa kusan kowace shekara. Malamin da bai san su ba za a yi cinikin ƙwaya a gabansa bai gane ba. Ya dace a tanadi irin wannan jeri a littafin jagoran malami, a riƙa sabunta shi, amma kada a sanya shi a littafin ɗalibi, gudun kada darasin ya zama talla.

Na uku, hanyar koyarwa. Abin da bincike ya nuna yana da amfani, wato tattaunawa da gwada ƙin tayi, shi ne ainihin abin da darasin harshe ke yi ta wasan kwaikwayo da muhawara da insha'i da auna fahimta. Adabinmu ma bai bar batun ba. Waƙar Giya ta Mu'azu Haɗeja, da wasan Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, da littafin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, duk suna buɗe ƙofar tattauna maye da yaudarar 'yan mata da auren dole. Sai dai a nan ma akwai tarko. Yawancin adabin gargaɗi yana bin hanyar tsoratarwa da nuna mummunan ƙarshe, wadda muka ga iyakarta a sama. Saboda haka kada malami ya tsaya ga tambayar darasin da labari ya koyar. Ya tambayi ɗalibai a wane mataki ne tauraron labarin zai iya juyawa, me zai ce wa abokinsa, wa zai je wa da damuwarsa, sannan su kwaikwayi wannan a gaban aji.

Bisa wannan muna ba da shawarwari kamar haka. A raba batutuwan mu'amala da kare kai da kayan maye daga batun jima'i, a wajabta na farkon ga kowa. A rubuta adadin darussan da za a ba kowane batu a kowane zango cikin manhajar Hausa, a kuma sanya su cikin abin da ake jarrabawa a kai ta hanyar insha'i da auna fahimta. A shigar da horon wannan koyarwa cikin karatun ɗaliban Hausa a kwalejojin ilimi, maimakon dogaro da bita ta kwana biyu. A gabatar da kayan koyarwa ga ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta kafin a shiga aji da su. A ƙarshe, a sanar da kowane malami inda zai miƙa yaron da ya buɗe baki ya faɗi abin da ake yi masa, domin darasin da ya yi nasara zai haifar da irin wannan ƙara, kuma zalunci ne a koya wa yaro ya yi magana sannan a rasa mai saurarensa.

8.0 Kammalawa

Wannan sharhi ya bi dokar Ingila tun daga sanarwar 2008 zuwa kundin 2019 da gyaran da aka yi masa a 2025. Mun nuna cewa kundin ya yi dabara wajen raba batutuwa da fara gini daga firamare, amma ya bar lokaci da horar da malami da hanyar koyarwa a hannun sa'a, ya kuma jinkirta shigo da iyaye har sai da rikici ya tashi. Ga masu tsara manhajar Hausa, aikin da za a iya farawa ba tare da jiran wata doka ba shi ne tattara kalmomi, da zaɓen matanin da ya dace da kowane aji, da shirya malamin da zai koyar da su. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma idan aka wajabta darasin kafin a yi wannan shiri, malamin aji ne zai ɗauki laifin gazawar da ba shi ya jawo ta ba.